Jar Akuyar Inna Dije

Makon jiya Nafi'u, jikan yayata, ya zo mini da abokinsa, waya a hannu, wai sun gano kuskure a aikina. Su biyun sun gama karatu a birni, sun dawo sun buɗe sana'ar awon gonaki. Aikin, in ji Nafi'u, ba wani abu ba ne: ka kunna waya, ka zagaya gona da ƙafa, ka dawo inda ka fara, ita kuma ta faɗa maka tsawo da faɗi har da zane. Ya ce abin da na shafe shekara talatin da 'yan kai ina yi, shi ya koye shi kafin shayinsa ya huce. Na ce madalla, a gaishe mini da shayin.

Kuskuren da suka gano yana cikin wata tsohuwar takarda da na zana da hannuna, ta gonar marigayi Malam Hamza a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau ina cin tuwo a can, sunayen mutanen ma na sauya su. Jikokin mai gonar ne suka ba su aikin sabunta zanen. A takardar, iyakar gabas ta taso daga wani suri a miƙe, tana kaiwa tsakiya sai ta yi ciki kamar ƙwarya, ta shigo gonar ta kewaye wata ɗorawa ta bar wa maƙwabta ita, sannan ta koma ta miƙe zuwa tsamiya. A ƙasa kuwa ciyawar iyakar ta sake ƙarewa, babu abin da ke nuna cikin, don haka samarin suna shirin miƙe layin.

"Tsoho," in ji Nafi'u, "hannunka ne ya goce, ko gyangyaɗi ya kwashe ka a kan takardar?"

Na ce su zauna in ba su amsa. Suka ce gona uku ke jiransu kafin azahar. To, tun da ba su zauna ba, bari in rubuta, wataƙila wani ya tura musu ta waya su karanta a tafe.

Ni malamin lissafi ne a firamare kafin in shiga wannan sana'a. Wanda ya jawo ni shi ne Baba Ilu Mai Sarƙa, mutumin da dagatai da masu unguwanni daga Bagwai har Minjibir ke aika wa idan za a raba gado ko an yi rikicin iyaka. Shi ajami ya iya, alƙalai kuwa sun fara neman takardar boko mai lambobi, shi ya sa ya nemi mai fensir. Na je masa da taƙamar wanda ke raba uku bisa takwas gida biyar bai ɗaga kai ba. Ranar farko ya nuna mini kayan aiki a zaurensa: sarƙar awo mai nauyin tsiya, igiyar rama mai ƙulli-ƙulli, turakun ƙarfe, guduma, da wata tabarmar kaba da gefenta ya fara zarewa. Na miƙa hannu zan ɗauki sarƙar. Ya ce in ajiye, tabarmar ce tawa. Wata huɗu ina bin bayansa da tabarma a hammata, ni da takardar shaidar malanta, tsofaffin ɗalibaina suna gaishe ni a hanya suna danne dariya.

Aikin da na fara ganin amfanin tabarmar a wani ƙauye ne wajen Minjibir. Wasu 'yan'uwa biyu sun yi shekara biyu ba sa gaisawa saboda kusurwar gona ɗaya. Muka isa da hantsi. Baba Ilu bai ko kwance sarƙa ba. Ya sa na shimfiɗa tabarma a inuwa, ya aika a kira wani tsoho da ke tufkar igiya a ƙofar gidansa. Tsohon ya fara da wani jaki na mahaifin 'yan'uwan, jaki mai taurin kai da ba ya tafiya sai an yi masa kirari. Muka ji abin da jakin yake ci, da wanda ya taɓa harba, da yadda ya kayar da liman a gaban surukansa. Ni kuwa ina lissafi a zuci cewa da mun fara awo tun zuwanmu, da yanzu mun gama gona biyu. Sai wajen azahar jakin ya faɗa wata tsohuwar rijiya ya karye, mai shi ya cike rijiyar da ƙasa don haushi, ya kuma rantse daga ranar bakin rijiyar nan ne ƙarshen gonarsa, ba ya son ganin wurin ma. Baba Ilu ya miƙe, ya sa tsohon ya nuna inda ya tsaya ran da aka ciro jakin, aka kawo fartanya. Ba a yi nisa da haƙa ba sai ga duwatsun bakin rijiya a jere. Awon kansa bai kai minti ashirin ba. 'Yan'uwan suka yi sallar la'asar a sahu ɗaya, ko da yake da mutum biyu a tsakaninsu.

A hanyar dawowa ne ya yi mini karatun da ba a yi mini a kwalejin malamai ba. Ƙasarmu a cike take. Gona tana jikin gona tun daga bayan gida har bayan gidan wani ƙauyen, babu dajin da mutum zai ce bari in sare in ƙara. Kowane taku yana da mai shi, yana da wanda ya taɓa zama mai shi, da wanda yake ganin shi ya kamata ya zama mai shi. Gambar da ake dasawa a iyaka ana yanke ta a yi zana. Bini-da-zugu yana bushewa. Garmar shanu tana gutsurar kamu ɗaya kowace damina, ba da gangan ba, in ji mai garmar. Takarda kuma gara na sonta kamar yadda take son rufin ɗaki. Abin da ke riƙe da iyaka, in ji Baba Ilu, shi ne abin da mutane suka tuna, mutane kuwa ba sa tuna lamba. Jaki suke tunawa.

Sauraren ma sana'a ne, yana da ƙa'idojinsa. Ba ya yarda da baki ɗaya, sai ya ji uku, kuma a cikin ukun lallai akwai na mace. Maza da amfanin gona suke ƙirga shekaru: shekarar da gyaɗa ta yi kyau, shekarar da tsuntsu ya cinye gero. Wannan yana ruɗewa, don shekarun gyaɗa sun yi kama da juna. Mata kuwa da haihuwa suke ƙirgawa, kuma ban taɓa ganin macen da ta rikita cikin Audu da na Ladi ba. Ya koya mini yadda ake gane labarin da aka ƙera jiya don zuwanmu. Irin wannan tsaf yake, a share, ya tashi daga "tun kakan kakana" ya dire a kan iyaka ba tare da ya tsaya shan ruwa ba. Na gaskiya kuwa cike yake da tarkace. Za ka ji launin rigar wani, da wanda ke tari a lokacin, da abin da aka ci. Mai ƙarya ba shi da lokacin ƙera tari.

Masu kiranmu ma sun san nasu karatun. Igiyar rama tana tsukewa idan ta sha raɓa, tana saki idan rana ta take, kuma babu magajin da bai san haka ba. Na ga 'yan'uwan da ba su yi musu a kan rabon ba, amma suka kusa dambe a kan ƙarfe nawa za a fara awo. Baba Ilu yakan bar su su gama, sannan ya ce da sarƙa zai auna, ita ba ruwanta da raɓa. A wancan zamani, da damin gero ko kaza ake sallamar mu, wani lokaci da addu'a kawai. Mai unguwa yakan sa a kawo fura a ƙwarya mu sha kafin a fara, don ba a yarda mai yunwa ya raba wa mutane ƙasa ba.

Da idanun Baba Ilu suka fara gazawa, aikin ya dawo hannuna. Na sayi tef ɗin ƙarfe mai naɗe kansa, na sayi babur. Sarƙar na rataye ta a zaure don tarihi. Tabarmar kuwa ba ta zama daidai a bayan babur, iska tana kama ta, sai na fara barin ta a gida. Na koma yin gona huɗu a yini, takarduna fes, lambobina ba gyara. Har alƙali ya taɓa yabon rubutuna a gaban jama'a, kuma ban ɓoye wa kowa wannan labari ba.

A wannan hali aka kira ni rabon gonar Malam Hamza, cikin rani, bayan sadakar arba'in. Babban magajin shi ne ɗansa na fari, Alhaji Garba, mai shagon yadi a birni. Tun daga yaye kawunsa ya ɗauke shi ya tafi da shi Kano, ƙauyen bai san shi ba sai a salla ko rasuwa. Ya zo da ƙannensa a mota, ya gaya mini tun kafin in kafe babur cewa yana son la'asar ta same shi a shago. Mai unguwar sabo ne, bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. Iyaka uku ba su ba ni wahala ba. Ta gabas ce gambarta ta ɓace a tsakiya, don Malam Hamza ya daɗe yana jinya, garmar haya ce ke yi masa huɗa, ita kuwa garmar haya ba ta da dangi. Abin da ya rage shi ne suri a can kudu, tsamiya a can arewa, da wata ƙatuwar ɗorawa a tsakani.

A gindin ɗorawar wata tsohuwa ce zaune da ƙwaryarta. Ita ce Inna Dije, mai gonar gabas, mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk wanda ke cin kasuwar Ɗanbatta ya san daddawarta, kuma daga kalwar itacen nan take yin ta. Da ita take ci, da ita take sutura. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa magada ta'aziyya, ta gyara zama, sannan ta ce a shekarar da aka yi fari Malam Hamza yana da wata jar akuya.

Na tambaye ta ko tana da takarda, ko wata alama a ƙasa da za ta nuna mana. Ta ce akuyar kunnenta ɗaya a tsage yake, ƙaya ce ta tsaga shi. Alhaji Garba ya duba agogo.

"Inna," na ce, "awo muka zo yi. Akuyar ta ɗan jira mu gama."

Ɗaya daga cikin ƙannen Alhaji ya yi dariya. Mutanen ƙauyen da ke tsaye ba wanda ya taya shi. Inna Dije ta ce, "To, Malam," ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Na ja tef daga suri zuwa tsamiya. Ban taɓa zana layin da ya kai wannan kyau ba, ko a allon aji. Ɗorawar ta faɗo cikin gonar Malam Hamza, cikin kason Alhaji Garba. Kowa ya sa hannu, mai dangwale ya dangwala, la'asar ta sami Alhaji a shago.

Daga nan shekarar ta lalace mini. Ba wanda ya zo ya yi mini faɗa, ba wanda ya kai ƙara. Da bazara ta yi, mai kula da gonar Alhaji ya kaɗe ɗorawar ya kai gidansa. A kasuwa, wurin da Inna Dije ke jera daddawa ya koma 'yan ƙulle-ƙullen kuka da busasshiyar kuɓewa. Dagatai suna gaishe ni da fara'a fiye da da, su tambayi iyali, su tambayi babur, sannan idan awo ya taso su aika a ɗauko wani mutum daga nesa wanda ko rabawa ba ya yi sai da yatsu. Na ɗora laifin a kan hassada. Na ɗora a kan tsadar mai. Tef ya fara tsatsa a jaka. Don rashin aikin yi sau biyu na auna gonata, ba ta ƙaru ba.

Bayan kaka na je gaida Baba Ilu. A lokacin ba ya gani sam, yana zaune a zaure da carbi, amma labarin ƙauyuka yana zuwar masa kafin ya je wa masu idanu. Na zuba masa kukana kaf, har da sunayen waɗanda nake zargi. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni me Dije ta ce ranar rabon. Na ce ba ta ce komai ba. Ya ce ko ta fara. Na ce ta fara, da wata akuya.

"Ka ji ƙarshen akuyar?"

Na ce ban ji ba.

"Ashe jakin nan a banza ya karye," in ji shi.

Ya gaya mini Alhaji Garba ya yi magana da masu injin yankan itace su zo su kayar da ɗorawar, wai inuwarta tana kashe gero, tarakta kuma ba ta iya juyawa. Na ce tun da shi ya san labarin, ya faɗa mini in gyara. Ya ce ya sani ƙwarai, a gabansa aka dasa gambar, amma ba bakinsa ne zai faɗa ba. Ya ce in je gida in ɗauko tabarmar, idan ban yi shimfiɗar kaji da ita ba.

Washegari na sami Inna Dije a ƙofar gidanta tana tankaɗen kuka. Ta ba ni ruwa, ta tambayi iyali, ta tambayi babur, ba ta nuna mini komai a fuska ba. Na ba ta haƙuri, na ce na zo jin labarin akuyar, yau ba inda za ni.

"Ai ba kai nake ba wa ba, Malam," in ji ta. "Kai dai a tsakani ka tsaya."

Sai a lokacin na tuna cewa ranar rabon ba ni take kallo ba. Ta saman kafaɗata take kallo, inda Alhaji yake tsaye.

Saboda haka na hau motar Kano na je shagon Alhaji Garba, na faɗi abin da malamin lissafi ba ya son faɗa ko a gaban allo: na ce na yi kuskure a awon, dole a sake, kuma dole yana wurin. Ya tambaye ni kuskuren ƙari zai kawo masa ko ragi. Na ce sai an auna. Ya yi tsaki a hankali irin na manya, ya ce to ranar Asabar, don dama ranar ya shirya da masu injin, sai ya yi tafiya ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko Baba Ilu a bayan babur, tabarma a tsakaninmu. Mun tarar masu injin sun riga mu, su biyu, suna zaune da jarkar mai suna duban reshen da za su fara da shi. Na shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar, Baba Ilu da mai unguwa suka zauna. Na sa tef a jaka, na zauna a kan jakar don kada hannuna ya yi abin da ya saba. Alhaji ya ƙi zama, yana tsaye cikin farar shadda, makullin mota a hannu. Na ce masa ƙa'idar aiki ce maƙwabci ya fara magana, a wancan karon ni na tsallake ta, kuma wannan ne kuskuren. Aka kira Inna Dije.

Daga akuyar ta fara, ba ta rage ko kunnen ba. Ta ce a shekarar farin jar akuyar ta haihu, a cikin makon kuma matar Malam Hamza ta haifi ɗa namiji, ta rasu kafin ranar suna. Da nonon akuyar aka riƙa ba jaririn, da ɗan ƙaramin ludayi. Babu ciyawa a ƙasa, Malam Hamza yana hawa itatuwa yana sassabo mata ganye, har ganyen ya ƙare. Nonon ya ƙafe, ɗan akuyar ya mutu, uwar ta bi shi. Jaririn ya yi kwana biyu yana kuka, ana jiyo shi ta cikin danga. Akwai wata mata maƙwabciya, in ji Inna Dije, mai goyon wata uku, ita ma tuwon gidanta sau ɗaya ne a yini. Rana ta uku matar ta zagaya ta shiga ta ɗauki jaririn, ba ta tambayi kowa ba, ba wanda ya tambaye ta. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Don nono ya zo, garin ɗorawa take damawa da ruwa ta sha, na itacen nan da muke zaune a ƙarƙashinsa, wanda a lokacin na Malam Hamza ne. Shi yake kaɗowa ya ajiye a ƙofar gidan ya wuce, bai taɓa cewa ga shi ba, ita ma ba ta taɓa cewa an gode ba. Nata ɗan ƙyanda ta ɗauke shi yana rarrafe. Na maƙwabcin ya rayu.

Rana ta yi sama. Ɗaya daga masu injin ya fara gyangyaɗi. Alhaji ya ɗaga hannun hagu zai duba agogo, daidai lokacin da Inna Dije take cewa jaririn da ɗan cindo aka haife shi a hannun hagu, wanzami ya cire shi ranar suna, matar nan ce ta riƙa shafa masa man shanu har ya warke.

Ina kallonsa. Idonsa ya sauka daga agogon zuwa gefen ƙaramin yatsansa, inda wani ɗan tabo yake. Hannun bai koma ƙasa ba.

Ita kuwa ta ci gaba kamar ba ta gani ba. Ta ce da aka yaye yaron, kawunsa ya aiko daga birni za a zo a ɗauke shi. Da safiyar ranar, Malam Hamza ya kira tsohon mai unguwa da mai sarƙa, ya tumɓuke gambar iyaka da hannunsa, ya zagaya ɗorawar ya sake dasa ta ta bayanta. Bai yi jawabi ba. Ya karkaɗe hannu ya tafi masallaci. Nan Inna Dije ta tsaya, ta gyara mayafi. Tun daga farko har ƙarshe ba ta ce "ni" ba, ba ta ce "kai" ba.

Alhaji Garba ya cire takalmansa. Bai hau tabarmar ba, a ƙasa ya zauna, a kan turɓaya, da farar shaddar. Can ya ce, "Inna, taku nawa Baba ya yi daga gindin itacen?"

"Ina na ƙirga?" in ji ta. "Kana bayana kana ta tsala kuka."

Baba Ilu ne ya ce tara, shi ya ƙirga, aikinsa ke nan. Alhaji ya miƙe ba takalmi ya yi taku tara da ƙafarsa, yana tafe ina kafa turaku a bayansa. Ya fi mahaifinsa tsawo nesa ba kusa ba, takunsa ma haka, amma ban gyara ba. Aka sallami masu injin, suka tafi da mansu a jarka. Zanen cikin nan ya ci mini yini guda, don lanƙwasa sai an bi ta turke-turke, kowane taku biyu a auna. Shi ne abin da Nafi'u ya kira gyangyaɗi.

Za ku ce me ya hana a gaya wa Alhaji tun yana yaro. Malam Hamza mutumin da ne, Garba kuwa ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba har ya bar duniya, "wancan na birni" yake cewa, balle ya zaunar da shi ya ba shi labarin nono. Inna Dije ba ta haifi mace ba, don haka zancen aure bai taɓa tasowa ba da zai tilasta a ce waɗannan 'yan'uwan shayarwa ne. Ita da bakinta kuma ba za ta dubi babban mutum a gaban ƙannensa ta ce ni na shayar da kai ba, wannan gori ne, gara ta rasa itacen. Mutanen gari su ma ba wanda zai tare Alhaji ya ce ka ƙwace abincin uwarka. Mu mutane ne da magana da yawa ba ta fita a miƙe tsakanin uba da ɗa, ko tsakanin wanda ya yi alheri da wanda aka yi wa. Sai mu ɗora ta a kan akuya mu kora ta a hankali, ta isa inda za ta ba tare da an kunyata kowa ba. Hanya ɗaya ke nan da tsohuwar take da ita, ni kuma na tsaya a kai da tef.

Ba a yi mako ba wani dagaci ya aiko a kira ni. Bai ambaci komai ba, ni ma ban ambata ba. Na samo roba na ɗaure tabarmar a bayan babur, ashe dama tana zama, ni ne ban so ba.

Ba ni da faɗa da wayarku. Ta fi igiyar rama gaskiya, raɓa ba ta tsuke ta, lambobinta sun fi nawa kyau, alƙali zai yabe ku. Sai dai inda ƙafarku ta bi take aunawa, kuma har yau ban ji ta gaya wa kowa inda zai sa ƙafar ba.

Inna Dije ta rasu, Alhaji Garba ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Baba Ilu ya riga ta, Alhaji ya bi bayansu, mai unguwar nan ma ya tafi. Jikokinta ne ke kaɗe ɗorawar yanzu, ɗaya daga cikin matan gidan tana kai daddawa kasuwa. Ko Alhaji ya ba 'ya'yansa labarin, ban sani ba. Jinin Malam Hamza ne, bakinsu da nauyi, kuma da sun ji da ba su bar ku kuna zancen miƙe layi ba. Idan haka ne, a cikin waɗanda suka zauna a gindin itacen ranar, ni kaɗai na rage, ni da masu inji biyu, ɗayansu kuma barci yake yi.

Saboda haka, Nafi'u, kada ku taɓa layin nan. Ku gaya wa waɗanda suka ba ku aikin su zo ranar Asabar da hantsi, a kira jikokin Inna Dije su ma. Ka zo ka ɗauke ni, ka taho da tabarma, tawa ta ƙare. Ku soke sauran gonakin ranar. Da akuyar zan fara, kuma ba zan tsallake kunnenta ba.